Kwanon Rufin da Gwaggo ta Kyautar

Ranar da muka kai Gwaggo makwancinta, wata mai tallan ayaba ta tsaya a bakin shingen ƙerana ta tambaye ni ko aure ake yi a gidan. Ban ga laifinta ba. Matan zumunta na majami'armu sun cika tsakar gida da zanensu iri ɗaya, ana buga tulu, ana kaɗa caki. Ga kuma wata babbar mota da ta tsaya a gindin itatuwan turare, mutanen Bayan Dutse suna dirowa daga cikinta suna waƙa da harshen da babu mai jinsa a duk Naraguta, unguwarmu ta gefen Jos. Ƙafafunsu duk jar laka, amma ko ruwa ba su tsaya sha ba. Kai tsaye suka wuce inda akwatin yake, suka kewaye shi, suka ci gaba da waƙarsu. Na ce wa mai ayaba rasuwa aka yi. Ta dube ni, ta dubi masu rawa, ta ce to lalle wannan ta yi sa'ar tafiya.

Kowa da yadda abin ya taɓa shi. Hajiya, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su shekara da shekaru, ta shimfiɗa tabarmarta a ƙofar ɗakin girki da carbi a hannu. Ba ta shiga waƙa ba, ba ta kuma yarda ta koma gida ba. Duk wanda ya durƙusa ya yi mata gaisuwa sai ta ce masa yanzu ba ta san mai tashinta sallar asuba ba, don muryar Gwaggo takan riga ta ladan. Oga, mutumin Ibo mai shagon kayan gini a Tina Junction, ya rufe shagonsa ya zo da lemon kwalba cike da bayan motarsa, yana ta maimaitawa da irin Hausarsa, "Mama ya gama aikinsa, Mama ya tafi gida." Shi kuwa Baba, mahaifina, ƙaninta kuma autan ɗakinsu, tun safe yana zaune a kujerar roba, bai yi kuka ba, bai yi waƙa ba. Sai da mutanen Bayan Dutse suka shigo ya miƙe tsaye ya cire hularsa.

'Ya'yana ba za su san ta ba sai a hoto guda, wanda ta ɗaure fuska a ciki don ba ta son a ɗauke ta. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na gani a shekarun da na zauna a ɗakinta ina karatu a jami'a, da abin da na ji daga bakin waɗanda suka riga ni saninta.

Gwaggo gurguwa ce a ƙafar hagu. Ba haka aka haife ta ba. Tana amarya mijinta ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki, ikilisiya ta tura su aikin bishara wani ƙauye mai nisa. Suka ɗaure kayansu suka hau babbar mota. A wani gangare birki ya tsinke. Mijin ya rasu nan take, ita kuma aka zaro ta daga ƙarƙashin buhuna da ƙafa a murƙushe. Ƙauyen da aka tura su ko ganinsa ba ta yi ba. Ba ta sake aure ba, ba ta kuma taɓa haihuwa ba. Ta koma gidan ubansu a Naraguta, ta kama noman rani a bakin tafkin da masu haƙar kuza suka bari, tana shuka kabeji da karas da dankalin turawa, tana kiwon awaki. Da sandarta take shiga kunya-kunya, kuma ban taɓa ganin ta nemi a tausaya mata ba.

Abin da ya hana ta tafiya bai hana ta aikin ba. Kakanmu ya yi aikin ramin kuza, kuma daga bakinsa ta ɗauko maganar da ta fi yawan faɗa. Takan ce wanda ya sauka cikin rami ba duhu yake tsoro ba, hannun mai riƙe masa igiya yake tsoro. Ita mai igiya ce, in ji ta, kuma mai igiya ba ya gyangyaɗi.

Kullum kafin gari ya waye takan miƙe gurguwar ƙafar gefe, ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ta soma. Ba ta iya addu'a a ɓoye ba. Da ƙarfi take yi, kamar tana magana da wani a tsallaken rafi. Takan kira ƙauyuka da sunayensu, da mai bisharar da ke kowanne, da matarsa, da 'ya'yansa. Kuma ba manyan kalmomi take yi wa Ubangiji ba. Na ji ta tana tuna masa cewa tayar keken wane ta fashe, matar wane tana da ciki ga asibiti da nisa, yaron wane bai da takalmi ga damina ta kusa. Wani lokaci har da ƙorafi, ta ce masa wannan maganar ta kawo ta tun bara, ba ta ga alama ba, amma ga ta ta sake kawowa. Hajiya ta taɓa gaya mini tana dariya cewa ita ma ta haddace ƙauyukan, har idan Gwaggo ta tsallake ɗaya sai ta ji kamar ta buga katanga ta tuna mata.

Bayarwarta ma haka take, ta zahiri. Duk akuyar da ta yi haihuwar fari, ɗan na masu bishara ne. Kunyar dankalin da ta fi kusa da ruwa, wadda ta fi kyau, tasu ce. Idan mai bishara ya shigo gari ya zo gaishe ta, ba ta tambayarsa mutum nawa suka tuba. Takan tambaye shi ko matarsa tana da sabulu, ko akwai gishiri a gidan, yaushe rabon yaransa da nama. Ba zai fita ba sai da ƙulli a bayan keke.

Kada wanda bai san ta ba ya ɗauka mai sanyin baki ce. Ranar da aka yi taro a majami'armu kan sa tayil a daɓe, ta ɗaga sandarta ta nemi izini, ta tambayi dattawa ko tayil ɗin zai iya wa'azi. Aka yi dariya, wasu suka ji haushi, aka dai sa tayil ɗin, ita kuma ta ci gaba da taka shi kowace Lahadi tana gunaguni wai yana da santsi. Ranar da fasto ya ambaci alherinta daga kan bagadi kuwa, fushi ta yi, sai da ya bi ta har gona ya ba ta haƙuri.

Bayan Dutse ba shi ne sunan garin ba, mu ne muke ce masa haka a gida. Ƙauye ne a can gangaren tsaunuka, sai an bar mota an tsallake rafi da ƙafa. Shekarar da wayar hannu ta shigo gari ikilisiyarmu ta tura wani saurayi da amaryarsa can. Gwaggo ta riƙe su tun ranar da aka ɗora musu hannu a majami'a aka keɓe su ga aikin. Shi tana ce masa ɗana, ita kuma surukata. Ba su sami karɓuwa ba. Akwai wani tsoho a garin, shi ne mai kula da wurin tsafin kakanninsu, ya ce ba za a ba baƙin wuri a cikin gari ba, kuma kada su ɗebi ruwa a idon ruwan da kowa ke sha. Suka yi bukka a gefen gari, matar tana tafiya mai nisa neman ruwa.

Da labarin ya iso, matan zumunta suka soma addu'a Allah ya kawar da tsohon daga hanya. Gwaggo ta ce ita ba da bakinta ba. Ta ce mutumin nan amanar da ubansa ya bar masa yake tsaro, kuma mai riƙon amana irin wannan, ranar da ya ga haske haka zai riƙe shi. Daga nan ta sa shi cikin addu'arta, tana kiransa yayana na Bayan Dutse. Da sanyi ya shigo ta sayi rigar sanyi mai kauri a gwanjo, ta wanke, ta aika masa. Aka ce ya karɓa.

Damina ta biyu ko ta uku, 'yarsu ta fari, jaririya, ta kamu da zazzaɓi. Rafi ya cika ya batse, babu hanyar tsallakewa. Kafin ruwa ya janye yarinyar ta rasu. Su biyu suka haƙa rami a bayan bukkarsu suka rufe ta.

Ina wanki a tsakar gida da hantsi suka shigo, katifa a naɗe, tukwane a cikin buhu. Ganin kayan kawai ya isa. Mai bisharan ya durƙusa gaban Gwaggo ya ce, "Mama, mun dawo. Ba za mu iya ba." Na zaci za ta buɗe masa Littafi. Ba ta yi ba. Ta ce da ni in ɗora ruwan wanka, ta bar musu gadonta, ni da ita muka koma tabarma. Da dattawan ikilisiya suka zo yi musu nasiha, ta tare su a ƙofa, ta ba su ruwa, ta ce surukarta tana barci, su dawo wani lokaci. Haka ta yi ta cewa har suka gane. Kullum sai ta dafa gwaten acca mai zafi ta zauna a gefen matar har ta ga ta ci. Da rana ta ja ta gona, su zauna suna zaɓen dankali.

Wata rana da yamma muna bakin tafki mu uku, Gwaggo ta ba matar labarin babbar motar nan. Ni kaina ranar na fara ji daga bakinta. Ta faɗi launin zanen da ta ɗaura, da waƙar da mijinta yake yi kafin motar ta ƙwace. Matar ta daɗe tana kallon ruwa, sannan ta ce, "Mama, kin yi fushi da Allah?"

"Na yi, surukata. Na daɗe ina yi. Magana ce dai ban daina yi masa ba." Ta share ƙasar hannunta a zane. "Ba zan ce ki koma ba. Wanda bai binne ɗa a can ba ba shi da bakin cewa ki koma. Ko kin koma ko kin zauna, ɗakin nan naki ne."

Bayan wani lokaci wani ɗan garin ya shigo Jos sayar da doya, ya neme su har gida. Ya ce tsohon nan da ya hana su ruwa, shi da kansa ya kwaso duwatsu ya jera a kan kabarin jaririyar don kada namun daji su tone, kuma ya hana yara kiwo a wurin. Wai tsohon cewa ya yi baƙon da ya kwanta a ƙasarsu ya zama nasu. Matar ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ce wa mijinta ya ɗaure katifa, ita ba za ta bar 'yarta ita kaɗai a can ba. Sai da suka fita sannan Gwaggo ta zauna a bakin gado ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba, tana yi tana godiya.

Da suka koma aka bar su suka ɗebi ruwa. Mata suka fara zuwa wurin matar, maza suka fara zama da mijin. A hankali aka sami masu taruwa ranar Lahadi a gindin itace.

Yanzu sai maganar kwano, wadda har yau idan dangi suka taru sai an tayar da ita.

Ɗakin Gwaggo ya tsufa, rufin ya yi tsatsa ya ɓule. Idan ana ruwa sai mu jera robobi da tukwane, mu ja gado tsakiya. Baba yana aikin gwamnati, yana da gidansa a wajen Rayfield, kuma ya sha roƙonta ta koma wurinsa tana ƙi saboda gona da awaki. Da ya gaji sai ya je shagon Oga ya sayi kwano sabo fil, aka kawo aka jingina a bayan ɗaki, ya ce bayan Ista zai zo da kafinta.

A makon nan ne mai bisharan ya zo gaisuwa. Cikin hira ya ce masu bi sun buga tubali sun tayar da bangon majami'a da hannunsu, amma babu rufi, kuma idan ruwan farko ya same shi a buɗe to aikin rani duka ya narke. Bai roƙi komai ba, bai ma san da kwano a bayan ɗaki ba. Washegari Gwaggo ta ɗauki sandarta ta hau mota zuwa Tina Junction, ta ce wa Oga ya ara mata a-kori-kurarsa. Shi Oga ya zaci da sanin Baba ne. Kafin in dawo daga makaranta bayan ɗaki wayam.

Baba ya zo da kafinta kamar yadda ya yi alkawari. Ya zagaya baya, ya dawo.

"Yaya, ina kwanon?"

"Ya tafi aiki."

Da ya fahimci inda ya tafi, na ga fuskarsa ta canza. Baba mutum ne mai haƙuri, kuma ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ya ce ta mai da shi abin zunɗe, mutane za su ce yana kwana a Rayfield yayarsa tana kwana a tsakiyar robobi. Ya ce shi ita ya saya wa, ba ikilisiya ba, kuma shi ma yana ba da baikonsa na kuɗi a majami'a kowace Lahadi, ba sai an ƙwace masa ba.

"Auta, ba ni ka yi ko ara mini ka yi?"

"Ba ki na yi."

"To na bayar."

Ya shiga motarsa ya tafi, ya bar kafinta tsaye da guduma a hannu. Daga ranar ya ɗauke ƙafa. Yakan aiko da abinci ta hannuna, amma shi bai zo ba.

Kuma gaskiya Baba yana da hujja. Daminar nan ta zo da ƙarfi, irin ruwan Jos mai haɗe da ƙanƙara. Sanyi ya shiga ƙirjin Gwaggo, tari ya kama ta, har sai da muka kai ta asibiti numfashi yana yi mata wuya. Na ji tsoro sosai. Baba ya zo, ya yi duk abin da ake bukata, amma ya zauna a benci a waje ya ƙi shiga. Da ta ɗan farfaɗo ta ce in kira shi. Ya shigo ya tsaya a ƙarshen gado. Ta ce masa ya yafe mata. Ba bayarwar take neman gafara a kai ba, in ji ta, wannan ko gobe za ta sake. Rashin tambayarsa ne laifinta.

"Da kin tambaye ni da na hana," in ji Baba.

"Na sani, shi ya sa ban tambaya ba. Amma haƙƙinka ne ka hana, na kuwa tauye maka."

Ya gyara mata bargo ya fita. Zuciyarsa dai ba ta gama sauka ba. Da ruwa ya fara ja baya ya ce zai je ya ga wurin da idonsa, idan ya tarar an wulaƙanta kwanon da hannunsa zai ɓamɓaro shi.

Shi ya ba mu labarin daga baya. Ya bar mota a inda hanya ta ƙare, ya naɗe wando ya tsallake rafi, ya hau dutse yana haki. Ranar Lahadi ce. Tun daga nesa ya hango rufin yana walƙiya a tsakiyar bukkoki. Ya shiga ya zauna a baya a kan kututture, ɗakin cike, wasu a ƙasa. Ana tsakiyar wa'azi hadari ya taso, ruwa ya sauko. Ƙarar ruwan a kan kwano ta hana a ji muryar mai wa'azi, sai ya rufe Littafi ya ɗaga waƙa, jama'a suka amsa da ƙarfin da ya danne ruwan. Baba ya ɗaga kai yana neman inda ke yoyo, bai samu ba. Ta taga ya hango wani tsoho sanye da rigar sanyi mai kauri, ya raɓe a ƙarƙashin bakin rufin daga waje. Bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

Da aka tashi mai bisharan ya gane shi, ya gaya wa jama'a ga ƙanin Mama. Sai mutane suka yo kansa, tsofaffi suna kama hannunsa da hannu biyu. Ashe da Gwaggo ta aika da kwanon cewa ta yi ƙaninta ne ya saya. Baba ya ce ya buɗe baki zai gyara maganar, ya rasa ta inda zai fara.

Bai wuce gida ba, Naraguta ya zo kai tsaye, takalmi duk laka, da zakara a hannu da doya a bayan mota. Gwaggo tana zaune a tabarma tana shan rana. Ya zauna a gefenta kamar yadda yake yi yana yaro. Can ya ce, "Yaya, tagoginsu babu ƙyaure."

Ta ce, "Haka na ji."

Shi ke nan sulhun. A watan nan ya aika da ƙyamare da bencina. Da rani ya shigo Baba ya sake sayen kwano, kuma mazan Bayan Dutse suka zo da katakon da suka sara a dajinsu, suka ce babu kafintan da zai taɓa ɗakin Mama sai su. Baba ya tsaya a kansu har aka buga ƙusar ƙarshe, ya ce bai yarda ya juya baya ba, don ya san halin yayarsa.

Ranin da ya zama na ƙarshe a gare ta, saƙo ya zo cewa za a yi baftisma a rafin Bayan Dutse, kuma tsohon nan yana cikin masu shiga ruwa. Shi ya ce a gaya wa ƙanwarsa ta Jos yana son ta zo. Lokacin jikinta ya yi rauni, likita ya ce kada a wahalar da ita. Na goyi bayan likita. Baba ne ya ce a shimfiɗa mata katifa a kujerar baya, shi zai tuƙa.

A inda hanya ta ƙare samari suna jira da kujerar katako da suka ɗaura wa sanduna biyu. Suka ɗora ta, suka tsallake rafi da ita, suka hau dutse, mata suna gaba suna guɗa. Da muka kai inda bukkokin farko suke ta buga sandarta a jikin kujera ta ce a sauke ta. Baba ya ce akwai sauran tafiya.

"A sauke ni, Auta. Gwiwata ta daɗe da sanin garin nan. Bari ƙafata ma ta san shi."

Aka sauke ta. Ta dafa sanda, ta dafa kafaɗata, ta soma ja. Waƙa ta tsaya, jama'a suka dare gida biyu. Babu wanda ya gaggauta ta. Ta fara tsayawa a gaban ɗan kabarin nan mai duwatsu, inda surukarta take jiranta da goyon ɗa namiji a baya. Daga nan ta wuce ƙofar majami'a. Tsohon yana tsaye a wurin, rigar sanyin a jikinsa duk da zafin rana, ta koɗe ta yage a gwiwar hannu. Suka daɗe suna kallon juna. Ya yi magana, mai bisharan ya fassara. Ya ce shekara da shekaru yana jin wani yana jan sa, ya rasa ko wane ne, ashe wata 'yar tsohuwa ce mai ƙafa ɗaya. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce a gaya masa ba ita ke jan ba, ita riƙewa kawai take yi.

A kan dutse ta zauna a bakin rafi ta kalli baftismar daga farko har ƙarshe. Da tsohon ya ɗago daga cikin ruwa, furfurarsa tana ɗiga, gari ya ɗauki sowa. Ita ba ta yi sowa ba. Ta ɗaga hannayenta biyu sama, ta bar su a can har sai da suka fara rawa na riƙe mata.

Muna shirin komawa ta hango hayaƙi yana tashi can bayan wani tsauni, ta tambaya ko akwai mutane a wurin. Mai bisharan ya ce akwai gari babba, ya fi wannan, amma babu hanya, kuma babu wanda ya taɓa zuwa musu da bishara. Ta daɗe tana kallon hayaƙin. Sannan ta juya ta dubi Baba.

"Auta, ka ji."

"Na ji, Yaya."

Ruwan farko na daminar nan ya sauka tana kwance a ɗakinta a bushe, kuma ba ta ga ƙarshen daminar ba. Ta tafi da safe, cikin sauƙi, Hajiya tana riƙe da hannunta ɗaya ni ina riƙe da ɗayan.

A bana ikilisiya ta ɗora wa wani saurayi da matarsa hannu zuwa garin nan na bayan tsauni. Baba ya yi ritaya, gwiwoyinsa suna ciwo, amma bai bar kowa ya kai su ba. Shi ya tuƙa su har inda hanya ta ƙare, ya ɗauki buhun gishirinsu a ka, ya shiga gaba.

Ki huta, Gwaggo. Ubangijin da kika yi ta yi wa magana da ƙarfi ya karɓe ki kusa da shi, inda ko raɗa kika yi zai ji.